Manet ɗin da ake matse waya a tsakiyar shi: ya yi ko bai yi ba a nan Damagaram?

Jama'a assalamu alaikum. Tunda na fara fitowa fada da wannan manet ɗin da ake ja ya buɗe a sa waya a tsakiya, kullum sai wani ya tambaye ni, nawa ka saya, ina ake samu, yana yin Free Fire, baya kashe batiri, to gara in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya huta. Na yi hunturu da shi na yi bazara da shi, kuma abun da zan ce shi ne ya yi, ya ci kuɗin shi, amma fa ba ga kowa ba kuma ba ga kowane gem ba, akwai waɗanda in suka saya wallahi asara kawai za su yi, kuma su ne ma suka fi yawan tambaya ta.

Ga wanda bai taɓa ganin shi ba, manet ne mai ɓangare biyu, hagu da dama, da resor ta baya, ka ja shi ya buɗe ka kwantar da wayar ka sai ya matse ta. Hagu akwai analog da gicciyen sama ƙasa hagu dama, dama akwai buton huɗu da analog na biyu, ta sama kuma L1 L2 R1 R2 irin na PS, wato PlayStation. Da ka haɗa sai wayar ta koma siffar na'urar gem ta hannu irin PSP ta Sony ko Nintendo Switch, in ka gama ka zare ta koma wayar ka ta kullum. Nawa a Kasuwar Dole na same shi wajen masu saida caja da ekuter da poshet, mai butik ɗin ya ce cikin kayan da ya saro daga Kano ne, ba shi da wani suna da aka sani, kwalin rubutun ƴan Sin ne da hoton waya. Ya fara da jika 20 muka daidaita a jika 14, amma kar ku riƙe wannan a matsayin farashi, kun san yadda canjin naira da halin da iyaka ke ciki ke juya kuɗin kaya. Masu sunan da aka kwaikwaya su ne irin su Razer Kishi da Backbone One, dukansu a 2020 suka fito, shi Backbone kusan dalar Amurka 100 aka fara saida shi, wajen jika 60 kenan kafin a zo maganar kawo shi nan, sai kuma GameSir da ke da masu sauƙin kuɗi.

Iri biyu ne a kasuwa kuma nan ne mutum zai fara kula. Akwai mai Bluetooth, akwai mai kan USB-C da ke shiga ramin cajin waya kai tsaye. Ni mai USB-C na ɗauka kuma shi nake ba kowa shawara. Mai Bluetooth yana da batirin shi daban, kenan ka ƙara ma kanka abun yi ma caji a garin da kuran ke zuwa yana tahiya, kuma akwai ɗan jinkiri tsakanin danna buton da abun ya faru a ekaran, kaɗan ne amma a gem ɗin faɗa irin Tekken za ka ji shi. Mai USB-C daga wayar yake shan wuta, kaɗan yake sha, kuma da ka danna ya amsa. Sai dai in wayar ka mai tsohon rami ce, micro USB ɗin nan mai faɗin gefe ɗaya, to ba zai shiga ba, dole sai mai Bluetooth. Kuma wasu wayoyi sai ka shiga parametir ka kunna OTG, saitin da ke ba waya damar karɓar na'urar da aka jona mata ta ramin caji, kafin su gane shi, mutane da yawa na maida kaya wai ya lalace alhali OTG ne a kashe.

Wannan tunanin na haɗa waya da na'urar gem ta hannu a abu guda ba yau aka fara shi ba, kuma ina ganin ya kamata a san tarihin don a gane me ya sa wannan ɗan manet ɗin ya fi dacewa da mu. Tun 1997 Nokia ta sa Snake a cikin 6110, kowa ya san macijin nan, yayyen mu har gasa suke yi da shi. Da suka ga yara na yawo da Game Boy Advance a aljihu ɗaya waya a ɗayan, sai a watan Oktoba 2003 suka fito da N-Gage, waya ce kuma na'urar gem ce, dalar Amurka 299, da su Tomb Raider da FIFA a kati. Abun bai karɓu ba kuma dalilan a fili suke. In za ka canza katin gem sai ka buɗe baya ka cire batiri, ekaran ɗin a tsaye yake kuma ƙarami alhali yawancin gem a kwance suke so, sannan wajen magana a gefen wayar aka sa shi, in an kira ka sai ka kafa ta a kunne ta gefe, duniya ta yi ta dariya. A 2004 suka gyara da N-Gage QD amma an riga an yanke mata hukunci, gaba ɗaya wajen miliyan 3 aka saida, ita kuwa PSP ta Sony da ta fito ƙarshen 2004 ta kai wajen miliyan 80. A 2011 Sony Ericsson suka sake gwadawa da Xperia Play, Android ce da ake tura ekaran sama sai buton ɗin PlayStation su fito daga ƙasa, har da Crash Bandicoot a ciki, ni a gani na wannan ita ce mafi kyawun siffa da aka taɓa yi, amma gem ɗin da aka yi dominta ba su da yawa kuma ba a sake yin ta biyu ba. Matsalar dukansu ɗaya ce, an liƙa ma waya buton na dindindin, sai ta yi kauri a matsayin waya ta kuma gaza a matsayin na'urar gem, kuma in injin cikin ya tsufa buton ɗin ma sun tafi da shi. Shi wannan da ake zarewa ya kauce ma wannan, ka canza waya manet na nan.

To ina ya fi amfani? A PPSSPP, kuma nan ne zan daɗe don gaskiya saboda shi kaɗai ma ya isa mutum ya saya. PPSSPP manhaja ce da ke sa waya ta buɗe gem ɗin PSP, wani ɗan Suwidin Henrik Rydgård ya fara fitar da ita a 2012, kyauta ce a Play Store, kuma duk wanda ke zama fada a Zango ko Sabon Gari ko Garin Malam ya ga yara na buga PES, gem ɗin ƙwallon ƙafa, da ita suna goga yatsa a gilashi. Waɗannan gem ɗin tun asali don buton aka yi su. PSP na da gicciye da analog ɗaya da buton huɗu da L da R, in ka zana duk wannan a kan ekaran to rabin filin ya tafi, babban yatsan ka na rufe ɗan wasan da kake son ba pas, ga gumi, ka danna shot ya zame ya zama santar. Da na sa manet na shiga saitin PPSSPP na kashe buton ɗin kan ekaran gaba ɗaya, sai na ga ashe fili na da faɗi haka. A PES ina iya riƙe R ina gudu in yi dribul in ɗaga kai in ga mai tsaron gida ya fito, abun da a gilashi sai dai sa'a. God of War guda biyun nan, Chains of Olympus na 2008 da Ghost of Sparta na 2010, wuraren da ake cewa danna wannan da sauri danna wancan, da yatsa a gilashi sai ka yi ta mutuwa wuri ɗaya, da manet kuwa hannu ne ke gane buton ba sai ido ya duba ba. Tekken 6 ma haka, kombo na fita yadda ya kamata. GTA Vice City Stories tuƙin mota ya zama tuƙi na gaske don analog na ba ka damar karya kwana a hankali.

Wayata irin masu injin Helio G99 ce, wanda ke cikin wayoyi da yawa na tsaka-tsakin kuɗi irin su Tecno Pova 5 da Infinix Note 30 da Galaxy A15, kuma ya ishi PSP sosai. Ekaran ɗin PSP na asali 480 sau 272 ne kawai, to a saiti ka ɗaga shi zuwa ninki biyu, hoton zai fi na PSP ɗin kanta kyau kuma wayar ba za ta wahala ba, ninki huɗu ko biyar da wasu ke sawa ba abun da yake ƙarawa sai zafi da cin batiri. In gem na sarƙewa ka gwada canza tsakanin Vulkan da OpenGL, hanyoyi biyu na zana hoto da ke cikin saitin PPSSPP, wani ya fi son wannan wani wancan. Wani abu kuma da ƙannen mu ba su sani ba, PES na ƙarshe da Konami ta yi ma PSP shi ne na 2014, duk waɗannan da masu tura fim da waƙa ke sa maku da sunan 2024 ko 2025 tsohon ne masoya suka canza mishi riguna da sunayen ƴan wasa da hoto, shi ya sa wani ke da nauyi wani ke fita da kanshi ana tsakar maci, ba laifin manet ba ne ba laifin waya ba ne. Kuma a kula da abun da ake turowa, fayil ɗin gem ba ya neman izinin shiga saƙonnin ka ko lambobin ka, duk manhajar da ta nemi haka goge ta.

Abun da ya fi min daɗi shi ne duk wannan ba ya cin ko mega ɗaya. Ba forfe ba konekson, ko rezo ya ɗauke kana wasan ka. Har mutum biyu na iya karawa a PES ko Tekken, ɗaya ya kunna hotspot ɗaya ya shiga, a kunna wajen haɗin cikin PPSSPP, saitin na da ɗan wuya farko amma in ya zauna ya zauna. Ga mai tahiya Yamai cikin bus, kilomita wajen 900, ko mai gadin dare, ko ɗalibin Jami'ar André Salifou da ya gama darasi yana jiran zafi ya sauka, wannan babban abu ne. Bayan PPSSPP akwai gem ɗin Android da ke karɓar manet da kansu ba tare da wani dabo ba, GTA San Andreas, Asphalt, Minecraft, Dream League Soccer, duk na buga su lafiya lau.

Yanzu ga inda bai yi ba, kuma ƴan Free Fire ku buɗe kunne. Free Fire da PUBG Mobile ba su karɓar manet a hukumance, an gina su ne don taɓa ekaran. Ka haɗa ka danna ba abun da zai motsa. Mai butik zai ce maka akwai manhajar da ake telesharje ta ɗora buton a kan ekaran sai ya yi, e akwai, takardar cikin kwalin nawa ma ta nuna wata, amma irin waɗannan manhajojin sai ka buɗe masu ƙofofin waya da bai kamata a buɗe ma baƙo ba, kuma dokokin gem ɗin sun hana amfani da manhajar waje da ke shiga tsakani, ana iya rufe maka kont. Mutum ya shekara yana tara daimon da kaya ya zo ya rasa saboda manet na jika 14, ni ban ga riba ba. Kuma ko ya yi, gaskiyar magana mai yatsa huɗu a gilashi da ya ƙware ya fi mai analog saurin juya bindiga. Call of Duty Mobile shi yana karɓar manet, amma na Xbox da na PS ne ya sani a hukumance, cikin maci kawai yake aiki banda menu, kuma yana haɗa ka da masu manet ƴan uwan ka ne don kar a cuci masu yatsa. Nawa marar suna wata rana ya gane shi wata rana ya ƙi, ban dogara da shi a nan ba. In kai ɗan harbi ne, ƴan maƙalan L1 R1 ɗin nan na ƙarfe da ake maƙalawa a saman waya da safar yatsa sun fi maka amfani kuma kuɗin su bai kai ko kusa ba.

Wani ƙarin gishiri da masu saidawa ke yi shi ne wai za ka buga PS2. Manet ba ya ƙara ma waya ƙarfi ko kaɗan, buton ne kawai. Manhajar PS2 da aka fi sani, AetherSX2, mai ita ya daina aiki a kanta tun farkon 2023, kuma tana son babban injin Snapdragon, a wayoyin mu na tsaka-tsaki ƙananan gem ne ke tahiya, manyan sai ja da ƙasa.

Sai maganar zafi, wadda duk bidiyon da za ka kalla na Turawa da ƴan Indiya masu gwada kaya cikin ɗaki mai kilim ba za su faɗa maka ita yadda take a nan ba. Watan Afrilu da Mayu a Damagaram rana na wuce digiri 40, kowa ya sani. Kamfanin Apple da kanshi ya rubuta cewa wayoyin shi an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35, sauran ma kusan haka ne, kenan mu tun kafin ka buɗe gem iskar gari ta riga ta wuce iyaka. Waya ba ta da fanka, ta bayanta da gefenta take fitar da zafi, shi kuma wannan manet ɗin bayan nata yake rufewa da roba. Da rana tsaka in na buga God of War ba a jimawa bayan wayar ke yin zafi kamar butar shayi a kan gawayi, daga nan sai ta rage ma kanta gudu don kar ta ƙone, hoto ya fara tsalle, sauti ya fara karyewa, hasken ekaran ya ragu da kanshi. Wannan ba lalacewa ba ce, kare kanta take yi, amma batiri ne ke biyan bashin, don batirin lithium ba abun da ke tsufar da shi kamar zafi, balle a haɗa mishi zafi da caji lokaci guda, ka tambayi duk mai gyaran waya a gari yawan batirin da ke kumbura yana ɗaga ekaran a bazara.

Abun da nake yi shi ne a lokacin zafi ba na taɓa shi tsakanin azahar da la'asar, sai bayan isha'i a waje kan tabarma inda iska ke kaɗawa, poshet a cire, haske a rage, saiti a ninki biyu ko ma ɗaya. Kar wanda ya sa waya mai zafi a firijo ko ya jingina ta da randa ko ya ɗora mata ƙanƙara, raɓa ce za ta taru a ciki ta ci maka fanel. Ƴar fankar nan da ake maƙalawa a bayan waya tana aiki amma ba ta shiga tare da wannan manet ɗin don wuri ɗaya suke nema. A hunturu kuwa ba wannan matsalar ko kaɗan, Disamba da Janairu sai ka gaji don kanka.

Amma hunturu na da nashi, ƙura. Analog na masu araha a ciki wani ɗan ƙarfe ne ke goga a kan zanen gawayi yana auna inda ka tura, in ƙura ta shiga ko zanen ya cinye sai ka ga ɗan wasan ka na tahiya hagu shi kaɗai ba ka taɓa komi ba. Nawa na hagu ya fara wannan bayan buji ya yi yawa, kaɗan dai, na ƙara faɗin wurin da ba ya amsawa a saitin PPSSPP ya lafa, amma na san ba warkewa ya yi ba. Akwai analog da ake kira Hall, shi da maganaɗisu yake aiki ba abun da ke gogar wani, ko manet ɗin Dreamcast na Sega a 1998 ya yi amfani da shi, kuma GameSir G8 da ya fito a 2023 shi ne a ciki. Ga garin da ke shan hazo wata da watanni wannan ba ado ba ne, shi ne bambancin kayan shekara ɗaya da na shekaru. In ka ga an rubuta Hall a kwali kuma ka yarda da mai butik ɗin, ƙara kuɗi ka ɗauka. Kuma in ka gama wasa sa shi a leda ko jaka, kar ka bar shi kan tagar ɗaki.

Akwai kuma wani abu da ke damu na game da haɗa komi a abu guda, wanda ba laifin manet ba ne, yanayin abun ne haka. Wayar nan ita ce shagon mu, da ita ake kiran ɗan kabu-kabu, da ita ake turo maka kuɗi ta Nita ko Amana, da ita Hajiya ke neman ka in wani abu ya taso cikin dare. Da can in batirin Game Boy ya ƙare wasa ne ya ƙare, yanzu in ka zauna ka cinye 5000 mAh a PES aka ɗauke kuran, kai ne ka ɓace daga duniya har gobe. Ni na sa ma kaina doka, da ya sauko kashi 40 na zare. Manet ɗin na da ramin caji a ƙasan hannun dama wanda ke wuce da wuta zuwa waya kana wasa, yana aiki, amma a hankali yake yi, cajin sauri na wayar ba ya bi ta nan, iyakar shi ya riƙe batiri inda yake, kuma na riga na faɗi abun da caji da zafi ke yi in sun haɗu. Wasu wayoyin gem na da tsarin da wuta ke wucewa kai tsaye zuwa inji ba ta bi ta batiri ba, wannan shi ne maganin gaske, in wayar ka na da shi kunna.

Kiran waya ma wani abu ne. Makirufo da lasifika na yawancin wayoyi suna ƙasa kusa da ramin caji, daidai inda manet ya rufe, in apel ya shigo ko ka zare wayar da sauri ko ka sa a lasifika kowa a fada ya ji abun da Baba ke ce maka, kuma shi ma can yana jin ka kamar daga nesa. Nawa ba shi da ramin ekuter kuma ya toshe na wayar, kenan sai ekuter na Bluetooth, shi kuma sautin shi na zuwa a makare. Kun ga ciwon N-Gage bai gama warkewa ba har yau, an dai rage shi. Wani abun kuma, wayar da kyamarar ta ta yi tudu sosai ba ta zama daidai, tana karkacewa, kuma dole ka cire poshet mai kauri kafin kan USB-C ya kai, cirewa da sawa kullum na sassauta poshet ɗin. Kan nawa yana ɗan lanƙwasa sama da ƙasa, wannan abu ne mai kyau don ba ya takura ramin waya, wanda kan shi ke tsaye ƙam ina jin tsoron shi, ramin caji in ya sassauta kun san wahalar.

Wasu za su ce to me zai hana a sayi wayar gem gaba ɗaya. Akwai su, Asus ROG Phone tun 2018, da RedMagic mai fanka a ciki, suna da wurin dannawa a kafaɗa da ekaran mai sauri, ƙarfi kam ba magana. Amma sabuwar ROG ta haura jika 500, kuma masu gyaran mu kayan Tecno da Infinix da Itel da Samsung suka fi ajewa, ekaran ɗin ta ya fashe sai ka jira a yi maka oda. Ita mai fanka kuma ramin iska gare ta, ku tuna hazon mu. Wadda ta fi kusa da aljihun mu ita ce layin Infinix GT, GT 30 Pro ta 2025 na da Dimensity 8350 da ekaran 144Hz da wurin dannawa biyu a kafaɗa, ga ɗan Free Fire ko PUBG da ke shirin canza waya dama, wannan ta fi mishi manet nesa ba kusa ba. Amma ko ita ba ta da analog ba ta da gicciye, in PES na PSP kake so za ka dawo kan manet ɗin dai. Gem ta intanet kuwa da ake cewa inji na can wata ƙasa kai hoto kawai ke zuwa maka, GeForce Now na neman aƙalla megabit 15 a daƙiƙa marar yankewa, ku lissafa abun da zai yi ma forfe, wannan ba tamu ba ce tukuna.

Ga iyaye da yayye masu son saya ma yaro, ku tuna manet ba ya aiki shi kaɗai, wayar ku zai riƙa karɓa, da duk hotuna da saƙonni da kuɗin da ke ciki. In akwai tsohuwar waya mai USB-C a gida da ba pus a ciki, ita ce daidai, a haɗa mishi ita a bar ta a haɗe, kuma a sa lokaci, bayan makarantar allo da aikin lakwal.

In za ka saya, tahi da wayar ka butik ɗin, kar ka aiki yaro. Sa PPSSPP da gem ɗaya tun daga gida. Ka ce ma mai kaya Alhaji a yi haƙuri a buɗe kwali in gwada, in ya ƙi wuce gaba, don kayan nan ba garanti. Cire poshet, sa wayar ka ga ta zauna daram ba ta motsi in ka girgiza a hankali, shiga wajen saita buton ka danna kowane ɗaya bayan ɗaya har L2 da R2, juya analog biyun zagaye ka sake su ka ga sun koma tsakiya cif, sa caja ta ramin manet ka ga alamar caji ta fito, sannan ka sa wani ya kira ka ka ji yadda murya ke fita. Ku kuma masu butik na Kasuwar Dole, don Allah in za ku sake sari ku nemo mana mai analog ɗin Hall da ramin ekuter, ko ya ƙara jika 5 a kai akwai masu saye, ni ne na farko.